Ɗan Amshin da Ya Rage

Murtala direba ne. Yana jan wata tsohuwar ƙaramar motar haya tsakanin Jega da Maiyama, in fasinja sun yi yawa ya zarce Koko. Shekararsa talatin da ɗaya, matarsa Husna, 'ya'yansu biyu. A tasha an san shi da cewa ba ya jin waƙar kowa sai ta Fahad Taura, wani matashin mawaƙi da ke zaune a Kano. An ce mahaifin Fahad mutumin Aliero ne, nan kusa da Jega, shi ya sa Murtala yake ɗaukarsa ɗan gida, ko da yake bai taɓa ganinsa ba sai a waya. Duk ranar da sabuwar waƙarsa ta fito, kafin azahar Murtala ya je wurin mai tura waƙoƙi na bakin tasha an sa masa ita a memori.

A farkon ranin bara Fahad ya fitar da wata waƙa mai suna Rakiya. Waƙar soyayya ce, ta saurayin da ya zo zance, lokacin tafiya ya yi, yana roƙon a taka masa. Kalmominta ba su da yawa: rakiya, rakiya, rana ta yi, wa zai bar ni ni kaɗai. Amma akwai wani abu a karinta da ya bambanta da sauran waƙoƙinsa, wani nauyi da ke sa mutum ya riƙa gyaɗa kai bai sani ba. Murtala ya kan sa ta sau goma a sawu ɗaya.

Wata ranar kasuwa da la'asar ya ɗauko fasinja daga Jega. Cikinsu akwai wata tsohuwa mai suna A'i, mutuniyar Karaye ta ƙasar Maiyama, ta zauna a baya da ƙullin cefanenta a cinya. Da waƙar ta fara sai ta riƙa buga gwiwarta da tafin hannu. Murtala bai damu ba, don kowa yana yin haka. Abin da ya sa ya dubi madubi shi ne, a daidai inda Fahad yake yin shiru ya bar fiyano yana tafiya, tsohuwar sai ta cike wurin da wasu kalmomi nata: ba mu ba, sai raggo. Kuma kalmomin suka zauna daram, kamar dama don su aka bar gurbin.

Ya rage sauti ya ce, "Inna, ina kinka san wagga waƙa? Ko wata ba ta yi da hitowa ba."

Ta ce, "Wata? Ɗana, ina budurwa anka yi ta. Waƙar Ɗantsoho ta, na Birnin Malam, mai gangar noma."

Fasinja suka yi dariya. Wani ɗan kasuwa da ke gaba ya ce ai mawaƙan yanzu haka suke, su sato na tsofaffi su shafa masa mai su ce nasu ne. Maganar ta yi wa Murtala zafi kamar ɗan'uwansa aka zaga. Har ya sauke tsohuwar a mararrabar garinsu bai sake ɗaga sautin ba.

Kwana biyu abin yana cin sa. Sai ya shiga bincike a waya, ya ci karo da wata hira da aka yi da Fahad. A cikinta mawaƙin da bakinsa ya ce karin waƙar ba nasa ba ne, tun yana yaro yake jin sa a wani tsohon kaset na mahaifinsa, kaset ɗin ma ya ɓace, abin da ya maƙale masa a kai kawai ya rera. Har sunan Ɗantsoho ya ambata, ya yi masa addu'a. Murtala ya ji sanyi, don ba a cewa ɓarawo ga wanda ya faɗi inda ya ɗauko. Ya nuna wa direbobin tasha hirar ɗaya bayan ɗaya. Amma bayan ya gama wanke gwaninsa, sai ya tarar wata tambayar ta rage masa. Birnin Malam ba wani nisa ne da Jega ba. Ya sha kai mutane can. Ta yaya mutumin Kano zai san makaɗin, shi da aka haifa a nan bai taɓa jin ko sunansa ba?

Mai tura waƙoƙi ya duba kwamfutarsa kaf bai samu ba. Shi ya ce masa ya je wurin Mu'azu mahauci, wani dattijo a layin 'yan nama, wanda har yanzu yake ajiye da kwalin kaset-kaset. Mu'azu ya yi murna da tambayar fiye da yadda Murtala ya zata. Washegari ya zo kasuwa da kaset ɗin a naɗe cikin leda, tare da rediyonsa mai batir, ya ce a yi masa hankali da su.

Ji na farko Murtala bai ji daɗin komai ba. Kaset ɗin yana ƙara kamar ana suya. Ganga tana dukan kunne, muryar Ɗantsoho a dishe take, kuma ba rerawa yake ba, kamar kira yake daga wata gona zuwa wata. A bayansa ana jin tarin mutane, da kukan akuya, da wani yana kiran a kawo ruwa. Husna ta leƙo daga madafa ta tambaye shi ko faɗan kasuwa ya ɗauko. Da kyar ya gane karin da ya sani a cikin hayaniyar. Ya ce a ransa lalle Fahad ya yi wa waƙar gata.

Duk da haka, kafin ya mayar da kaset ɗin ya kara wayarsa a bakin rediyon ya ɗauki duka fuska biyun, don kada ya ji kunyar Mu'azu in ya tambaye shi. Ya kan kunna ta in ya dawo babu fasinja, lokacin da ba wanda zai yi masa dariya. Bai iya cewa ga ranar da abin ya shige shi ba. Ya dai san cewa a mako na uku kunnensa ya daina jin ƙarar kaset ɗin, ya koma jin abin da ke ƙarƙashinta. Ya gane gangunan biyu ne, babba da ƙarama, ƙaramar tana zolayar babbar. Ya gane Ɗantsoho ba ya maimaita layi yadda ya faɗe shi da farko, kullum sai ya ɗan karkata shi. Ya kuma lura da wata siririyar murya cikin 'yan amshi, wadda take shigowa a bayan sauran da ɗan kaɗan, ta kuma riƙe ƙarshen kalma bayan kowa ya saki. Waƙoƙi takwas ne a kaset ɗin, kuma a kowace sai ya sami kansa yana jiran wannan muryar.

Wani abu kuma ya daure masa kai. Ɗantsoho ba cewa yake wa zai bar ni ba. Cewa yake wa ka barin ki ke ɗai. Da mace yake magana.

Ya koma wurin Mu'azu da tambayoyi. Mahaucin ya ce Ɗantsoho ya daɗe da rasuwa, 'yan ƙungiyarsa ma duk sun bi shi, in ban da wani Alu da yake jin yana nan a Birnin Malam yana noman albasa. Ya ce in yana son labari ya je da wuri, don tsofaffi ba sa jira.

Ranar wata Talata, da yake ba a cika samun fasinja ba, Murtala ya sayi goro ya kama hanya da hantsi. A ƙauyen aka nuna masa fadama. Ya tarar da wani tsoho ɗan siriri, wandonsa a naɗe zuwa gwiwa, yana buɗe wa ruwa hanya daga wannan fangali zuwa wancan da 'yar hauya. Suka gaisa. Tun daga amsa sallamar Murtala ya gane muryar. Ta tsufa, ta yi rauni, amma ita ce.

Alu ya karɓi goron ya yi godiya, suka zauna a inuwar wani mangwaro. Ya saurari abin da ya kawo baƙon. Ya ce shi ya bar wannan harka tun rasuwar maigidansu, 'ya'yansa ma ba sa son a tuna, don ba kowa ke son a ce ubansa maroƙi ne ba. Amma ya ce tunda an taso takanas, a sa masa ya ji abin da yaron ya yi.

Murtala ya kunna waƙar Fahad. Tsohon ya saurara kansa a sunkuye har ta ƙare, ya ce a sake. Da ta ƙare karo na biyu ya ce yaron yana da murya, Allah ya ba shi, kuma bai ɓata karin ba. Sai ya tambaya wane ne yake yi masa kiɗan. Murtala ya ce ba mutum ba ne, na'ura ce.

Alu ya ce, "Shi ya sa ba ta gajiya. Kiɗin noma, ɗana, don mai hauya anka yi shi. In yat tahi kunya guda sai ya miƙe bayanai ya yi numhwashi. Nan ganga ka sassautawa, mu kuma mu amsa. Wagga ba ta san akwai mai baya ba."

Bai faɗi haka da ɗaci ba. Ya faɗe shi ne kamar yadda manomi zai ce wannan ƙasa ta gero ce, waccan ta dawa.

Murtala ya tambaye shi macen da ake magana da ita a waƙar. Tsohon ya dube shi da mamaki, sannan ya yi dariya har ya yi tari, da ya gane cewa duk ƙasar nan matasa sun ɗauka rakiyar zance ake nufi. Ya ce Rakiya mace ce, mutuniyar Gehuru. Mijinta ya rasu ana tsakiyar damina, ya bar ta da ƙananan yara huɗu da gonar da ciyawa ta fara cinyewa. Ta sayar da tunkiyarta ta dama fura, ta kira gayya, wato ta roƙi mazan gari su taru su nome mata a yini ɗaya. Aka gayyato Ɗantsoho ya yi kiɗa. Suka isa da sassafe, rana ta ɗaga, mutum shida kawai suka zo, don a ranar wani mai hali ma ya kira tasa gayyar, kuma shi bijimi ya yanka. Matar ta ɗauki hauyar mijinta ta shiga kunyar noma da kanta. A nan Ɗantsoho ya ƙaga waƙar, a tsaye, bai taɓa yin ta ba. Ya juya gangarsa wajen gonar mai halin ya ɗaga murya: Rakiya, Rakiya, rana ta yi, wa ka barin ki ke ɗai? Su kuma 'yan amshi ba su san abin da za su ce ba, sai Alu, da yake shi ne ƙaraminsu kuma bakinsa ba ya da linzami, ya ce ba mu ba, sai raggo. Sauran suka kama.

Murtala ya tambaya ko mutanen sun dawo. Alu ya ce wasu sun dawo, ba duka ba. Kamar goma sha biyar suka tsallako da hauyoyinsu, kunya ta koro su. Ba a gama gonar a ranar ba, sai washegari. Mai halin kuma bai sake gayyatar Ɗantsoho kiɗa ba har ya mutu.

Murtala ya dubi wayar da ke hannunsa. Yana tuna sau nawa ya rera wannan layin yana tuƙi, yana tunanin 'yan mata da fitilar zaure. Ya ji haushin Fahad ya taso masa, irin wanda bai ji ba ko ranar da aka kira mawaƙin ɓarawo. Ya ce wa tsohon ai kuwa an cuci waƙar, an mayar da ita abin wasa.

Alu ya girgiza kai. Ya ce karin da ake magana ma ba na Ɗantsoho ba ne, na uwarsa ne, da shi take niƙa a kan dutse, kuma ita waƙar tata a kan wata 'yar akuya ce mai ɓarna. Salon gangar kuwa daga wurin Kalilu ya koya, wani makaɗin ƙasar Maiyama da Ɗantsoho ya yi wa yaranta shekara bakwai, wanda a ganin Alu ya fi Ɗantsoho hannu nesa ba kusa ba.

Ya ce, "Shekara ashirin ba wanda yaz zo nan ya tambaye ni waƙa. Yaron ga shi ya aiko ka, bai dai sani ba."

Murtala ya fito da wayarsa ya roƙe shi ya rera masa waƙar tun daga farko ya ɗauka. Tsohon ya ce ba zai iya ba. Ba ƙi ya yi ba. Shi ɗan amshi ne, tun yana ɗan shekara goma sha biyar har ya yi furfura bai taɓa ba da waƙa ba, amsawa kawai yake. Ya san kowane layi, amma in ba wani ya jefo masa ba, bakinsa ba ya buɗewa. Ya gwada ma, don baƙon ya gani. Ya buɗe baki, ya ɗaga hannu, sai ya sauke ya yi murmushi.

Sai ya ce, "Kai ka ba ni. Ba ka ce ka hardace ba?"

Murtala ya waiwaya. Babu kowa kusa sai wasu mata can nesa suna tsinkar ganye, da ƙarar injin ban ruwa. Shi bai taɓa waƙa a gaban mutum ba sai a bayan sitiyari, inda muryar wani take rufe tasa. Ya gyara murya ya fara, a ƙasa-ƙasa, kunya ta ishe shi. Ya kai ƙarshen layin ya tsaya. Sai siririyar muryar nan ta shigo, a makare da ɗan kaɗan, ta riƙe ƙarshen kalmar. Ya ba da layi na biyu, ta amsa. A na huɗu ya yi kuskure, tsohon ya gyara masa da hannu ba tare da ya daina ba. Suka yi ta har inda kaset ɗin Mu'azu ya yanke, daga nan Alu ya riƙa faɗa masa layin da magana, shi ya rera, tsohon ya amsa. Baitoci biyar ne waɗanda ba sa cikin kaset ɗin. Sai da suka gama Murtala ya ga bai danna wurin ɗauka ba. Bai ce a sake ba, don ya ga tsohon ya gaji, ga shi ruwa ya cika fangalin har yana malala.

Bayan wannan ya riƙa leƙa shi duk bayan mako biyu ko uku. Ya ci gaba da jin Fahad, sabbin waƙoƙinsa ma bai fasa karɓa ba, sai dai yanzu in ya ji wani kari mai nauyi ya kan tsaya ya ce wannan kuma daga ina. Ta haka ya gano wasu makaɗa biyu, ɗaya mai kalangu, ɗaya mai goge, duk a kwalin Mu'azu. Ya rubuta wa Fahad dogon saƙo a shafinsa, ya ba shi labarin Rakiya ta Gehuru. Ba a amsa ba. Ya ga saƙonni sun fi dubu a wurin, bai riƙe abin a ransa ba.

Da aka cire albasa, Alu ya aiko wani mai kai kaya Aliero ya ce wa Murtala yana nemansa. Da ya je, tsohon ya ce ya sami labari Yaro yana da rai. Yaro shi ne mai kazagi, ƙaramar gangar nan da ke zolayar babba a kaset. Kowa ya ɗauka ya mutu a kudu, ashe ya dawo yana Karaye wurin 'yarsa, idonsa ya tafi. Alu ya ce rabonsa da shi tun ranar jana'izar Ɗantsoho, kuma yana so a kai shi.

Murtala ya cika wayarsa da caji, ya share hotuna don ya sami wuri. A ransa yana ganin ga mai ganga ga ɗan amshi, shi kuma zai ba da waƙa. Suka tashi da safe, Alu sanye da farar rigarsa ta Juma'a, ya riƙe ƙullin albasa da goro a cinya.

Suka tarar da Yaro a zaure a kan tabarma, babban mutum wanda jiki ya zube, hannuwansa suna rawa. Alu ya yi sallama. Makahon ya ɗaga kai ya ce a sake sallamar. Da aka sake sai ya ce, "Alu ƙarami," ya miƙo hannu. Suka riƙe hannun juna ba su saki ba har aka kawo fura.

Ba su yi maganar waƙa ba. Suka lissafa waɗanda suka mutu, da inda aka binne kowa. Suka yi gardama a kan shekarar da kogi ya cinye gonakin fadama, Yaro ya ce kafin aurensa na biyu ne, Alu ya ce bayan. Suka yi maganar ciwon gwiwa da irin albasar da ake shukawa yanzu. Sau ɗaya Alu ya ce ga yaron da ya kawo shi, direba ne, yana son kayan da. Yaro ya sa masa albarka, ya ce gangarsa gara ta cinye ta tun yana kudu. Daga nan suka koma kan wani abokinsu da ya taɓa faɗawa rijiya a Gehuru, suka yi dariya har Yaro ya share hawaye.

Murtala yana zaune a bakin ƙofa, wayar tana aljihunsa. Ya lura yatsun Yaro, duk da rawar da suke yi, suna ɗan bugun bayan hannun Alu yayin da suke hira. Ya yi niyyar ya tayar da maganar waƙar sau biyu, ya fasa. Da aka kira azahar ya kama hannun makahon ya kai shi masallaci.

A hanyar dawowa Alu ya yi barci tun kafin su hau kwalta, Murtala kuma bai kunna komai ba. Da suka isa Birnin Malam tsohon ya sa aka ɗora wa Murtala rabin buhun albasa a bayan mota, ya ƙi jin duk wata magiya, ya ce in da hali a sake kai shi wurin Yaro kafin ruwa ya sauka. Sun koma sau biyu. Yaro ya rasu a tsakiyar daminar, Murtala ne ya kai Alu gaisuwa.

Kaset ɗin Kalilu, wanda ya koya wa Ɗantsoho ganga, kuwa har yanzu Murtala yana nema bai same shi ba. Mu'azu ya ce bai taɓa ganin an ɗauke shi ba, Alu ya ce an ɗauka sau ɗaya, a wani biki. Kwanan baya wani mai facin taya a Maiyama ya ce masa wansa yana da shi a wani ƙauye gaba da su, sai dai hanyar ba ta biyuwa da ƙaramar mota sai ƙasa ta bushe. Murtala ya karɓi lambar wan ya ajiye.